Otal mai sauƙin kuɗi a gefen Sabon Gari: abin da matafiyin Bauchi da Gombe zai duba kafin ya biya

Duk wanda ke tashi daga Wunti ko Muda Lawal zuwa sarin kaya a Kano ya san yadda lissafin yake. Daga Bauchi ta Ningi, Birnin Kudu da Wudil tafiyar kusan kilomita 300 ce, mutumin Gombe kuma tasa ta fi haka tsawo. In mota ta cika da wuri, a isa da azahar. In direba ya tsaya jiran fasinja biyun ƙarshe har hantsi ya dubi ludayi, sai la'asar sakaliya. Ko ta yaya dai, kafin mutum ya zaga Kwari, ya leƙa Singa, ya haɗa kaya a ɗaure masa, kasuwa ta tashi, kwana ya kama shi. Mai ɗan'uwa a Fagge ko Kurna ya huta. Wanda ba shi da kowa, ko wanda ba ya son ɗora wa mutane nauyi duk wata, otal zai nema, kuma yawanci ƙafa Sabon Gari take kai shi.

Dalilin a fili yake. Sabon Gari tana cikin ƙaramar hukumar Fagge, kusa da Bata da Singa da Kwari, filin jirgin Malam Aminu Kano ma ba nisa. Otal-otal sun yi mata yawa, inda suka yi yawa kuwa dole farashi ya sauka. Ga shi unguwar ba ta kwanciya da wuri: ƙarfe sha ɗayan dare ana samun mai shayi, mai tsire, kemis a buɗe, mai POS a bakin titi. Sai dai abin da ya sa take raye da dare, wato mashaya da gidajen rawa da kiɗa, shi ne kuma yake hana baƙo runtsawa. Ra'ayina a kan wannan bai canzawa: a kwana a gefen unguwar, kada a kwana a tsakiyarta, kuma a auna kuɗin ɗaki da awannin wutar da za a ba ka, ba da kyan fentin gini ba.

Da rana duk layin shiru yake

Matsalar duba otal da ƙarfe huɗu na yamma ita ce wurin da zai girgiza da tsakar dare a lokacin barci yake yi. Don haka alamu za ka nema. Kujerun roba da aka jera kan juna a tsakar gida ko a maƙwabta, manyan lasifikoki da aka lulluɓe da tamfol, rumfar kwano da fitilu masu launi, akwatunan kwalba a bayan katanga. Ka ga biyu daga cikin waɗannan a layin, ka san abin da dare zai kawo.

Kada ka tambayi ma'aikacin da ke kan kantar otal ɗin ko akwai hayaniya. Amsarsa ɗaya ce, babu. Ka fita waje ka samu mai shayi ko maigadin gidan da ke kallon otal ɗin, ku gaisa, ka ce, “Baba, don Allah ƙarfe nawa suke kashe kiɗa a layin nan?” Wanda aka tambaya ƙarfe nawa, lokaci zai faɗa. In ya yi murmushi ya ce “sai sun gaji”, ka ɗauki jakarka ka ƙara gaba.

Muryar mawaƙi da ƙarar mutane bango yana tare su. Dukan ganga mai kauri ne bango ba ya iya tare shi, yana bin ƙasa da gini, ka ji shi a ƙirjinka ko ka toshe kunne da filo. Maganinsa nisa kawai, da gine-ginen da ke tsakani. Layi biyu ko uku daga inda ake kiɗan ya isa ya raba barci da juyi a gado, kuma tafiyar ba ta wuce minti biyar zuwa goma a ƙafa in kana son fita cin abinci.

Ranaku ma ba ɗaya ba ne. Litinin zuwa Alhamis da sauƙi. Juma'a da Asabar su ne na cika. A Sabon Gari akwai ƙarin abu: coci-coci da yawa suna addu'ar dare ranar Juma'a da lasifika, safiyar Lahadi kuma ganga da waƙa tun da wuri. Otal mai ɗakin taro a harabarsa, ko a wace unguwa yake, ka tambaya ko akwai biki a daren. Dinar aure da DJ ba ta fi gidan rawa sauƙi ba.

Sai wurin da ɗakin yake a cikin ginin. Mai kallon titi yana shan ƙarar titi. Na can baya kuma galibi shi ne maƙwabcin janareto. Na gefe, a tsakiyar gini, shi ake nema. Ɗakin ƙasa yana fama da sauro da masu wucewa ta bakin taga. Hawa na ƙarshe, wanda kwano ke kansa, yana riƙe zafin rana har tsakar dare, ruwan famfo kuma ba ya da ƙarfi a can tunda tanki bai fi shi tudu sosai ba. Hawa na ɗaya ya fi kowanne.

Wuta ce ke yanka farashi

A nan ne yawancin rigimar tsakar dare ke tasowa, saboda baƙo ya biya kuɗin ɗaki mai esi yana zaton ya sayi sanyi har asuba, mai otal kuma a nasa lissafin ya sayar da na'urar da ke manne a bango ne, in wuta ta zo ta yi aiki.

Ga lissafin da manaja yake yi. Esi mai doki ɗaya da rabi yana jan abin da ya ɗan haura kilowat ɗaya a lokacin da kwamfuresa ke aiki. A dare mai zafi na awa takwas, yunit takwas zuwa tara ke nan. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar layin Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage amma bai sauka ƙasa da 200 ba. Wato ɗaki ɗaya yana iya cin wutar KEDCO, kamfanin rarraba wuta na Kano, ta kusan naira 2,000 a dare. In wutar ta ɗauke aka koma kan inji, lita ɗaya ta gas tana ba da kamar yunit uku, ɗakin nan shi kaɗai ya sha lita uku ke nan. Ɗaki ashirin, lita sittin. Ka tambayi kuɗin litar gas a ranar ka ninka, za ka gane dalilin da ya sa otal mai araha yake kashe inji ƙarfe sha biyu ko ƙarfe ɗaya.

Akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Babban janareto yana shan mai sosai ko da kaya kaɗan ne a kansa. Saboda haka ranar da baƙi huɗu ne kawai a otal mai ɗaki talatin, manaja ba zai tayar da shi ba. Ƙarami zai kunna, mai ɗaukar fitila da fanka. Otal ɗin da ka gani shiru babu motoci ka yi murna za ka huta, shi ne ya fi kusa da barinka cikin gumi. Matsakaicin wuri mai baƙi ya fi samun wuta.

Tambayoyin guda uku ne, kuma a yi su kafin kuɗi ya fita daga hannu. Ƙarfe nawa ake tayar da inji? Ƙarfe nawa ake kashewa? Injin da za a tayar yau yana ɗaukar esi? In aka ce maka “muna da wuta ashirin da huɗu”, ka ce, “Malam, har da esi, ko fanka?” Da yawa yanzu sun saka sola da inbata, abu ne mai kyau, amma yawancinsu fitila da fanka da soket kawai suke ɗauka. In batiran sun tsufa kuma, wajen ƙarfe uku inbata ta fara kuka, fanka ta tsaya.

Gwajin esi ba ya yiwuwa a tsaye a bakin ƙofa. Da shigarka ka sa a kunna, ka bar shi yana aiki kana duba sauran abubuwa, domin kwamfuresa takan ɗauki kamar minti uku kafin ta tashi. Bayan minti biyar zuwa goma ka sa hannu a bakinsa. In iska ce kawai ba sanyi, ko gas ɗinsa ya tsiyaye ko wutar ba ta da ƙarfi. Ka dubi bangon ƙarƙashinsa, in akwai shatin ruwa ya gangaro, kada ka ajiye jaka ko waya a wurin. Ka kuma karɓi rimot a hannunka, wasu wuraren a kanta suke ajiye shi.

Lokacin shekara shi ke nuna inda ya kamata kuɗinka ya tafi. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, ƙarin kuɗin esi da inji har asuba ba almubazzaranci ba ne, musamman ga wanda zai wuni a tsaye cikin Kwari washegari. A Disamba da Janairu kuwa biyan kuɗin esi asara ce. Ɗaki mai fanka ya isa, ita ma ba lallai ka kunna ta ba. Abin tambaya a hunturu shi ne ruwan zafi da bargo, da ko tagar tana rufuwa ruf, don ƙura ba ta neman izini. Da damina sai a kalli silin ko akwai tabon yoyo, a kalli ragar taga, a kuma dubi layin ko irin wanda ruwa ke kwanciya ne.

Minti goma a cikin ɗakin

Ba a biya kafin a ga ɗaki. Wurin da aka ce sai ka biya za a ba ka makulli, akwai abin da ake ɓoyewa. Kuma ɗakin da aka nuna maka shi za ka kwana, ka riƙe lambarsa, don akan nuna mai kyau a ba da wani.

Ka fara da banɗaki. Buɗe famfo da shawa a tare ka ga ƙarfin ruwan. Ja ruwan shadda, ka tsaya ka ji ko tankinta yana sake cika. Babban bokiti cike da ruwa a kusurwa yana gaya maka cewa famfon ba kullum ba ne, sai an tayar da inji an buga ruwa sama. Wannan kaɗai bai isa a bar otal ba, amma ka tabbatar bokitin a cike yake kafin ka kwanta, in ba haka ba alwalar asuba sai da ruwan leda. Wari daga ramin ƙasa kuwa ba ya tafiya, da dare ƙaruwa yake yi in an rufe ƙofofi. Buta, in babu, ka nema tun da sauran ma'aikata a farke.

Daga nan gado. Ka zare zanin gado daga kusurwar wajen kai, ka kunna fitilar waya, ka bi ɗinkin gefen katifa. Kuɗin cizo yana barin ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an ɗosa tawadar biro, wani lokaci da ɗan shafin jini da ɓawon da ya saɓule. Ka haska tsagin katakon gado da bayan allon kai, nan suke ɓuya da rana. Cizon dare ɗaya ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne su shiga jaka su bi ka Bauchi, su shiga katifun gida, ko mai sayar da atamfa da shadda ya kai su shago. Ko ɗakin ya yi tsaf, jaka a kan tebur ake ajiye ta, a rufe, ba a kan gado ko jikin labule ba.

In ka shiga ka ji warin fiya-fiya ya cika ɗakin, kada ka rufe ƙofa ka kwanta. Guba ce mai ƙarfi, tana kawo ciwon kai da amai da sarƙewar numfashi, ga yara kuma ta fi haɗari. A buɗe taga da ƙofa, a kunna fanka, ka fita ka ci abinci ka yi isha'i, ko a sauya maka ɗaki. Yawan feshin ma yana nuna abin da suke fama da shi.

Ƙofa tana buƙatar sakata ta ciki mai ƙarfi, saboda kowane makulli yana da ɗan'uwa a kanta. Ka girgiza marikin ka ga ko kusoshin suna rawa. Sannan ka yi abin da kusan ba wanda ke yi: ka duba ta inda za ka fita in gobara ta tashi. Tagogin duk da ƙarfe aka datse su. In matakala ɗaya ce tal, kuma ana sa wa ƙofar ƙasa kwaɗo da dare, ka san wa ke riƙe da makullin da kuma inda yake kwana. Janareto da aka ajiye a ƙarƙashin matakala ko a lungun da tagarka ke buɗewa ya isa dalilin barin ɗakin, domin iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da launi ba ta da wari, mai barci ba ya jin shigarta.

Soket kusa da gado, sabis ɗin layin wayarka a cikin ɗakin, su ma a gwada. Alƙibla daga Kano gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa. A Sabon Gari ba kowane ma'aikacin otal ne zai iya nuna maka ita ba, kuma ba kowane ɗaki ke da sallaya ba, don haka taka ta zama cikin jaka.

Kuɗin allo ba shi ne kuɗin ba

Otal mai rajista yana ɗora harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, wasu kuma su ƙara kashi 10 na hidima. A ce allo ya nuna naira 20,000. Haraji 1,500, hidima 2,000, ya zama 23,500. Wasu kuma suna karɓar kuɗin ajiya saboda ɓarna ko ɓatan makulli, a mayar maka ranar tafiya. Don haka tambayar ita ce, “Gaba ɗaya nawa zan ba ka, ba sauran komai?”

Ragi yana samuwa, amma ba a hannun yaron kanta yake ba. Ka nemi manaja. Ranar Talata da ɗakuna ke zaune ba kowa, wanda ya ce zai yi kwana uku yana da bakin magana. Daren Asabar ba shi da shi. Ko an yi maka ragin, ka fara biyan kwana ɗaya, in daren ya yi kyau ka ƙara. Kuɗin da ya shiga aljihun otal da wuya ya fito, in ka biya na kwana uku aka kashe inji ƙarfe sha biyu, haƙuri kawai za a ba ka.

Taransfa a yi ta cikin asusun da ke ɗauke da sunan otal ɗin, ko a yi amfani da POS ɗinsu, a kuma karɓi rasit mai lambar ɗaki da kwanan wata. Yadda abin ke lalacewa shi ne ma'aikacin dare ya ba ka lambar asusunsa, ya tashi aiki da safe, na safe ya duba littafi ya ce ɗakin nan ba a biya ba. Alat ɗin da ke wayarka sunan wani mutum ne a kai, ba hujja ba ce a wurinsu.

Masu neman ɗaki ta intanet tun daga gida su kula da abu biyu. Na farko, shafukan bogi a Facebook da WhatsApp masu ɗaukar hotunan otal na gaske su sa lambarsu, su ce a turo rabin kuɗi a riƙe ɗaki. Ƙaramin otal a ranar da ba biki ba ya buƙatar kafin alƙalami. Na biyu, farashin da ke shafukan kama ɗaki irin su Hotels.ng da Booking.com wani lokaci tsoho ne, ba a sabunta shi ba tun kafin kuɗin mai ya tashi. Ka kira ka tabbatar. A Google Maps kuma kada ka tsaya a yawan taurari, ka jera ra'ayoyin daga sabo zuwa tsoho, ka kalli hotunan da baƙi suka ɗauka da wayarsu. Otal yana iya lalacewa cikin shekara guda in an sauya manaja.

Ƙarfe sha biyun rana ne lokacin barin ɗaki a kusan ko'ina. Wanda ya iso da asuba ya kama ɗaki, a wurare da yawa za a lissafa masa daren da ya wuce, sha biyu na yi a ce kwanansa ya cika. A yi maganar tun a kanta. Wanda kuma bai gama kasuwa ba ya kwashe kayansa kafin sha biyu ya ba da ajiyar jaka, maimakon a ɗora masa rabin kwana. Dilar kaya ba ta da abin yi a otal. A bar ta a shagon da aka saya, ko ɗan dako ya kai ta tasha hannun 'yan kamasho a rubuta. Kuɗi mai yawa ma haka, ba a barinsa ƙarƙashin katifa a tafi cin tsire.

Araha mai jawo magana

Akwai wuraren da kuɗinsu ya yi ƙasa ƙwarai saboda ba da masu kwana suke cin abinci ba, da masu kama ɗaki na awa ɗaya ko biyu ne. Gane su ba wuya. Na kanta zai tambaye ka, “Kwana ne ko hutawa?” Ba a buɗe littafi, ba a tambayar katin shaida, ƙofofi na buɗewa suna rufewa ba ƙaƙƙautawa. Ko ka ajiye maganar addini da mutunci gefe, wanda bai kamata a ajiye ba, lissafin bai fita. Zanin gado ba a sauya shi yadda ya kamata, ana buga ƙofa bisa kuskure ko da gangan, faɗa yana tashi a baranda. Irin waɗannan wuraren ne kuma jami'an tsaro da Hisbah, wadda dokar jihar Kano ta kafa a 2003, suke kai wa samame, kuma in aka zo kwasa ba a tsayawa tantance wanda sarin takalma ya kawo shi. Otal ɗin da ya nemi katin ɗan ƙasa ko na zaɓe ko lasin tuƙi ya rubuta sunanka, gata ya yi maka.

Mai tafiya da iyali ya tambaya kai tsaye ko akwai mashaya a harabar. A Sabon Gari ana sayar da giya a fili, ba abin ɓoyo ba ne, kuma za a ba ka amsa ba tare da jin haushi ba. Wasu masaukai a Kano suna neman shaidar aure in mace da namiji suka zo tare, hoton takardar a waya yana rage dogon bayani. Hajiyoyin da ke zuwa sarin atamfa da leshi daga Gombe da Bauchi kuwa, shawarata su bar Sabon Gari ma baki ɗaya, su nufi ɓangaren Nasarawa, Bompai ko Zoo Road. Ɗakin ya fi tsada, amma in mutum biyu ko uku suka haɗa kuɗi, kason kowa zai yi sauƙi. A dai tambaya ko ana ƙara kuɗi kan mutum na uku, a kuma nemi ɗaki kusa da kanta, ba ƙarshen baranda ba.

Kuɗin mota yana cikin kuɗin ɗaki

Ɗan Gombe ya saba ya ɗaga hannu acaɓa ya tsaya. A cikin birnin Kano an hana acaɓa ɗaukar fasinja tun Janairun 2013, a daidaita sahu ne abin hawa. A watan Yulin 2022 kuma gwamnatin jihar ta hana su aiki daga ƙarfe goman dare zuwa shidan safe. Ko a lokacin da aka sassauta, samun su da dare wuya yake yi, wanda ka samu kuma shata zai ce. Don haka ɗakin da ya fi araha da naira dubu uku a Hotoro ko Na'ibawa, in ka haɗa zuwa da dawowa sau biyu da cunkoson safe, rarar ta ƙare a hanya, ka kuma yi asarar sanyin safiyar kasuwa. Wurin da ka iya takawa zuwa masallaci da mai shayi da bakin babban titi ya fi, in dai layin yana da haske da mutane. Ka bi shi da ƙafa kafin magariba ka ga yadda yake. Masu ƙwacen waya lungu mai duhu suke so, kuma baƙo da waya a hannu yana bin taswira daga nesa ake gane shi.

Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce a Kano, ana taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe. Mai son kama motar farko ya bar otal kafin bakwai, ko ya zauna har goma. Lokacin hawan sallah da kasuwar baje koli ta ƙarshen shekara kuma ɗakuna suna cika, ragi ba ya samuwa, nan ne kiran waya tun daga gida yake da amfani.

Wanda hanyarsa ta Abuja ce, hukuncin bai sauya ba sai dai kuɗin ya ninka. Wuse 2, musamman titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola, nan ne dare ke rayuwa, kuma ɗaki a can ba na mai neman sauƙi ba ne. Utako da Jabi da shiyyoyin tsohuwar Wuse sun fi dama, ga tashoshin mota kusa. Mararaba da Nyanya sun fi araha nesa ba kusa ba, amma cunkoson safe yana cinye awanni, dawowa da dare a motar da ba ta tasha ba kuma shi ne hanyar faɗawa hannun 'yan wan-cans, masu yi wa fasinja fashi a cikin mota.

Sauran abu ɗaya ga mai sammako. In Yankari Express ko Gombe Line ta farko kake son kamawa, ka gama lissafi da otal tun da dare. Da ƙarfe biyar na asuba mai riƙe da kuɗi ba ya nan, maigadi ne kawai da yaro mai gyangyaɗi a kanta, kuma ba su da ikon mayar maka da kuɗin ajiya. Ka sa a duba ɗakin da dare, a ba ka kuɗinka ko a rubuta a bayan rasit wanda zai ba ka da safe, ka gaya wa maigadi lokacin da za ka fita don ya kasance kusa da makullin get, sannan ka karɓi lambar mai a daidaita sahun da ya kawo ka ku yi alƙawarin ƙarfe shida.